Tafintan Baƙo daga Birazil

Ranar Talata na ɗauko shi a tashar Rigasa,
jaka ɗaya, hula a karkace, wuya ya yi ja kamar gauta.
Edibaldo sunansa. Harshena ya gaza,
na ce masa Baldo, ya yi dariya ya amsa.
Ikilisiyarsu ce ta aiko shi neman abokin aiki,
wanda za su kama bakin kaya tare.

Kwana huɗu muna zaga gari,
Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Boro.
An tayar da janareto saboda mu kaɗai.
Wani ya baje mana zanen gini mai hawa uku,
ya ce abin da ya rage kaɗan ne: bango da rufi.
Wani ya jera marayu ashirin cikin sababbin riguna,
na gane uku, 'ya'yan maƙwabcina ne,
ubansu na nan da ransa, yana faci a bakin titi.
Na juya maganar yadda aka faɗe ta,
tafinta ba ya ƙara gishiri,
amma daren nan tuwo ya ƙi wuce mini maƙogwaro.

Ranar Asabar ruwa ya kece,
mota ta mutu a Kakuri,
bayan masaƙar da ta yi shiru tun ina saurayi.
Muka fake a wata rumfar kwano.
Mata bakwai, keken ɗinki uku, ɗaya a lulluɓe,
da wata dattijuwa, Rifkatu Didam,
tana bin Zabura da ɗan yatsa,
tabaranta ƙafa ɗaya, ɗayar zare ne.
Mazansu sun mutu suna jiran kuɗin sallama.
Ba allo a ƙofa, ba suna.
Adashi suke zubawa,
duk wata a mayar da yaro ɗaya makaranta.
Da aka kira la'asar biyu suka miƙe,
sauran suka matsa, aka shimfiɗa musu tabarma.

Aka kawo kwaɗon rogo a murfin kwano.
Baldo ya kai loma, ya tsaya,
ya ce haka kakarsa take yi a can bayan teku.
Ban juya wannan ba, sun riga sun gani a idonsa.

Ya buɗe littafi: me kuke bukata?
Rifkatu ta dube shi ta saman tabarau.
Tambaye shi, ya iya gyaran keke?

Ya cire agogo, ya durƙusa a ƙasa mai laima.
Igiyar fata ce ta tsinke tun Ista.
Ya kwance bel ɗin wandonsa,
ya ari reza, ya tsaga shi gida biyu.
Kafin ruwa ya ɗauke,
keke na uku ya soma magana.

Ka gaya masa, in ji ta,
in kuɗinsu ya zo, a littafin nan za mu rubuta,
layi ɗaya, ƙarƙashin na Kande mai ƙosai.
Ban da hoton yaranmu.
In za su yi mana addu'a, su aiko da sunayen nasu,
mu ma muna da gwiwa.
Ya dawo baɗi, mu ga ko ya riƙe hanya.

Na juya duka, ban rage ko wasali ba.

Ranar Litinin na mai da shi Rigasa,
wando ɗaure da ƙyallen atamfa,
baƙin mai bai fita daga farcensa ba.
A hanyar dawowa na tsaya wajen mai faci.
Tayata lafiya take.
Na zauna a kan bencinsa,
na ce, Zakka, zo mu yi magana game da yaran nan.